Tambayar Likita da Hanin Tajassusi: Tantance Shan Giya Tsakanin Matasa

Babu saɓani tsakanin malamai a kan haramcin giya, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Abin da ke buƙatar nazari shi ne yadda za a gano matashin da ya fara sha tun kafin abin ya kama jikinsa, alhali kuwa aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin abin da mutum ya ɓoye.

A wurin likitoci, tantancewa na nufin 'yan tambayoyi da ake yi wa duk wanda ya zo asibiti, ko da zazzaɓi ne ya kawo shi, ba sai wanda ake zargi ba. Mafi shahara shi ne ma'aunin AUDIT da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989. Tambayoyi goma ne, makinsu daga 0 zuwa 40, kuma wanda ya kai 8 ana ɗaukar shansa ya shiga haɗari. Sai dai don manya aka tsara shi. Shi ya sa a 1999 likita John Knight da abokan aikinsa a asibitin yara na Boston, a Amurka, suka fito da CRAFFT, mai tambayoyi shida: ko matashi ya taɓa shiga motar da mai maye ke tuƙawa, ko yana sha don ya sami natsuwa ko ya saje da abokai, ko yana sha shi kaɗai, ko yakan manta abin da ya aikata cikin maye, ko 'yan'uwa ko abokai sun ce ya rage, ko shan ya taɓa jefa shi cikin matsala. Amsa biyu da "e" sun isa a zurfafa bincike. Wannan ma'auni ya haɗa da ƙwayoyi, abin da ya sa ya fi dacewa da garuruwan da kodin da taramol suka yi katutu. A 2011 kuma cibiyar nazarin barasa ta gwamnatin Amurka ta taƙaita abin zuwa tambayoyi biyu, inda ake fara tambayar ƙananan yara game da abokansu, saboda ya fi sauƙi yaro ya ba da labarin wani fiye da nasa.

Ya kamata ɗalibin fiƙihu ya lura cewa waɗannan alƙaluma cutarwa ga jiki suke aunawa. Wanda ya sami maki 3 bai fita daga haram ba, tunda abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Haka nan, a 2018 kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya ce hujjojin da ake da su ba su isa a tabbatar da amfanin tantance 'yan shekara 12 zuwa 17 ba, ko da yake ya yarda da shi ga manya.

Babbar matsala ita ce tsoro. A mazhabar Malikiyya haddin mashayi bulala tamanin ne, yana kuma tabbata da iƙirari, ko shaidar adilai biyu, har ma da shaidarsu a kan warin giya, saɓanin ra'ayin Imamu Shafi'i. Matashin da ya tashi a jihohin da suka dawo da hukunce-hukuncen haddi tun daga Zamfara a shekarar 2000 ya san wannan, ko da a dunƙule. Idan ya zaci amsarsa za ta kai ga Hisba ko ga mahaifinsa, "a'a" zai ce, takardar kuma ta tashi a banza.

Amma likita ba alƙali ba ne, ɗakinsa kuma ba majalisar hukunci ba ce. Tajassusi neman asirin mutum ne ba da saninsa ba. A nan kuwa a fili ake tambaya, mai amsa yana da ikon yin shiru, manufar kuma magani ce. Abin da aka faɗa wa likita amana ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a Burunai cikin 1993, ta tabbatar da cewa asali shi ne rufe sirrin majinyaci, sai inda cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa. Saboda haka daidai ne likita ya keɓe da matashi, ya kuma faɗa masa tun farko iyakar sirrin: ba za a sanar da kowa ba sai in rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari. Makarantar da za ta tattara irin waɗannan amsoshi don korar ɗalibai kuwa, ta koma ga abin da ayar ta hana.

Sunna ma ta nuna yadda ake mu'amala da wanda aka jarrabta. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida masa da son Allah da Manzonsa.

Akwai abu guda da malamin da matashi ya kai wa kukansa ke buƙatar sani. Tuba wajibi ce nan take, amma wanda jikinsa ya riga ya dogara da barasa, idan ya daina lokaci guda, yana iya kamuwa da rawar jiki, da gane-gane, da farfaɗiya cikin kwanaki biyu zuwa uku na farko, wani lokaci har ta kai ga mutuwa. Irin wannan matashi a ƙarƙashin kulawar asibiti ya kamata ya daina, malami kuma ya raka shi can idan kunya ta hana shi zuwa.