Tsiro Mai Ganye Uku Na Ƙasar Amurka

Tun da yake yanzu 'ya'yanmu suna zuwa Amurka neman ilmi, attajiranmu kuma suna zuwa saro kaya, ya kamata a ba ku labarin wani tsiro na can wanda ya sha kwantar da baƙo mako biyu ko uku. Turawa suna ce da shi Foizin Aibi, watau aibi mai dafi. Aibi a bakinsu sunan wani tsiro ne mai hawan bango, amma a kunnen Bahaushe ma sunan ya zauna daidai. Tun cikin 1624 wani Baturen Ingila, Kyaftin John Smith, ya ambaci cutarwarsa cikin littafin da ya rubuta a kan Birjiniya.

Yana fitowa daga kudancin Kanada har Meziko, ya fi yawa kuwa a gabashi da tsakiyar Amurka. Kada mutum ya ce ai ni birni zan sauka. Akwai shi a gefen hanya, da jikin shinge, da bakin rafi, da lambunan shaƙatawa na cikin manyan garuruwa.

Ga yadda ake gane shi. Wanda ya san ganyen wake ya yi rabin sani: ganye uku ne a kan sanda guda, biyu suna fuskantar juna, na tsakiya kuwa wuyansa ya fi tsawo. Bakin ganyen wani lokaci sumul, wani lokaci da 'yan haƙora. Ba shi da ƙaya ko ɗaya, saboda haka in ka ga uku-uku da ƙaya, wani tsiro ne dabam. Wahalar ita ce ba ya tsayawa a kama ɗaya. Yakan yi yaɗo a ƙasa, yakan tashi kamar ƙaramin kurmi, yakan kuma hau itace da wata jijiya mai kauri wadda 'yan saiwoyi suka rufe ta, sai ka ce tsohuwar igiya mai gashi. Sabon tohonsa ja-ja ne, ya koma kore, da kaka ya yi ja ko rawaya mai ban sha'awa. 'Ya'yansa ƙanana ne, fari-fari. Da sanyi ganyen ya zube, amma karan nan tsirara yana nan da dafinsa.

Dafin wani maiƙo ne da ake kira urushiyol, daga urushi, sunan itacen da mutanen Japan suke tatsa su shafe akusa. Yana cikin ganye da kara da saiwa. Mu da muka san ƙarara sai mu zaci ƙaiƙayin nan take zai zo. A'a, nan ne makircinsa. Mutum zai taɓa, ya koma masauki lafiya lau, sai bayan awa 12 zuwa kwana 3 fata ta yi ja, ta kumbura, bororo ya fito layi-layi inda ganyen ya goga. Wanda bai taɓa gamuwa da shi ba yakan kai mako biyu kafin ya ga kome, domin jiki ne yake koyon ƙin maiƙon, sa'an nan ya tasar masa da yaƙi. Galibin mutane yana kama su, wanda ya tsira yau kuwa ba shi da tabbacin gobe. Awaki suna cinsa, tsuntsaye suna cin 'ya'yansa, ba abin da yake samunsu.

In ka yi zaton ka taɓa, kada ka jira. Ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa cikin 'yan mintoci, har ƙarƙashin farce, kafin ka kai hannu ido ko al'aura. Tufa da takalmi da jaka a wanke su dabam, gama maiƙon yakan zauna jikin kaya shekara ko fiye, ya kama wanda bai taɓa taka Amurka ba. Kare ma yakan kwaso shi a gashinsa. Ruwan bororon ba ya yaɗa cutar, ba a kuwa ɗaukarta daga majinyaci in ya riga ya yi wanka, don haka babu dalilin ƙyamarsa.

Magani mai sauƙi shi ne tsumma mai sanyi da man kalamin, a kuma daure wa susa, don farce shi ke shigar da ƙwayar cuta. Amma in ya kama fuska ko ido ko al'aura, ko ya cinye jiki da yawa, ko zazzaɓi ya biyo, sai likita. Babban hatsari shi ne ƙonawa. Mu da muka saba tara shara mu cinna wuta, wannan ɗabi'a a bar ta a gida, domin hayaƙin yana ɗauke da maiƙon zuwa huhu. Wanda ya shaƙa numfashinsa ya yi wuya, a kai shi asibiti nan da nan.

Saura magana ɗaya ga masu cinikin 'ya'yan itace. Wannan tsiro dangin mangwaro ne da yazawa. Man da ke cikin ɓawon ƙwallon yazawa, wanda yake ƙone hannun yara in suna gashi, da ruwan da ke ɗigowa daga wuyan mangwaro ya sa miki a gefen baki, duk 'yan uwan maiƙon nan ne. Shi ya sa wanda Foizin Aibi ya taɓa kamawa, in ya komo gida, wani lokaci ɓawon mangwaro yakan tayar masa da ƙuraje. Irin wannan mutum sai wani ya fere masa, shi ya ci tsokar.