MAGANIN HAWAN JINI: IN YA DAME KA, KOMA A SAKE MAKA WANI

'Yan'uwa manoma, da wuya yanzu a sami ƙungiyar gama kai wadda ba ta da mutum biyu ko uku masu shan ƙwayar hawan jini. Waɗansu a ƙaramin asibitin ƙauye aka gano ciwon nasu. Waɗansu kuwa sai da suka shigo Birnin Katsina da kaya, ciwon kai ya matsa musu, aka kai su Babban Asibiti aka auna. Likita ya rubuta takarda, mutum ya sayi magani ya koma gida. Bayan wata biyu in ka tambaye shi sai ya ce, "Ai na bari. Bai karɓe ni ba."

Sau da yawa gaskiya ya faɗa. Maganin yakan kawo jiri, ko kumburin ƙafa, ko tari, ko kasala. Shi kuwa ciwon kansa ba ya ihu. Mutum zai iya yin shekaru jininsa yana sama da 140 bisa 90 bai ji kome ba. Don haka sai ya ga kamar maganin ne ciwo, barinsa kuwa lafiya. Amma jinin da aka bari yana hawa yana nan yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Ko wanenmu ya san gidan da haka ta faru, gona ta kwana biyu ba mai noma ta. Maganin hawan jini iri-iri ne, ba ɗaya ba. In wannan bai karɓe ka ba, akwai wani. Za mu rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali, domin ku duba naku ku gane.

Jiri da duhun ido

Ku da kuke aiki da injin ban ruwa kun san kai ruwa kan tudu ya fi wuya bisa ga kai shi fadama. A ce za a tura ruwa har ƙwanƙolin Hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta ya kai wajen ƙafa 50, in injin ya rage ƙarfi kaɗan, can saman ne zai fara rasa ruwa. Haka jikin mutum yake. Zuciya ce injin, kai ne ƙwanƙolin hasumiya. Magani yana rage ƙarfin turin jini, to, in ka daɗe a sunkuye da fartanya ka miƙe farat ɗaya, jini ba ya isa kai nan da nan. Sai ido ya yi duhu, ƙasa ta juya.

Wannan ya fi yawa a makonnin farko na shan magani, da lokacin da aka ƙara maka yawansa, da kuma ga tsofaffi. Dabararsa ba ta da wuya. Da safe kada ka zabura daga kan gado, zauna a bakinsa tukuna ka ƙirga ashirin. A gona ka dafa ƙotar fartanya ka miƙe sannu. In jirin ya zo, zauna nan take, ko ka kwanta ka ɗora ƙafafu bisa buhu. Wanda aka fara wa magani cikin makon nan kada ya hau rumbu ko bishiya, kada ya shiga yasar rijiya, kada kuma ya yi doguwar tafiya a kan babur shi kaɗai.

Zafin bazara yana ƙara abin. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan wuce digiri 40, gumi yana zuba, jijiyoyi sun saki. Ƙwayar da ta yi maka daidai da hunturu tana iya yin yawa da bazara. Sha ruwa sosai, ka yi aikin ƙarfi da sassafe ko da yamma. In jirin bai tafi ba bayan mako biyu, ko ka taɓa faɗuwa ko sau ɗaya, koma a auna ka a zaune, a kuma auna ka a tsaye.

Kumburin ƙafa

Ƙwayar da aka fi ba mutane a ƙasarmu ita ce amlodipine, da 'yar'uwarta nifedipine. Akwai dalili. A 1 ga jerin magungunan da tsarin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ya tsara wa ƙananan asibitoci, wanda aka fara aiki da shi a jihohin Kano da Ogun a 2020, amlodipine miligiram 5 ce. Kafin nan, a 2019, an buga sakamakon wani bincike wanda Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya shugabanta, a kan mutane 728 a ƙasashen Afirka shida. An ga haɗin magani biyu wanda akwai amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata bisa ga haɗin da babu ita. Watau ƙwaya ce mai yi mana aiki, bai kamata a yar da ita don ƙaramin dalili ba.

Aibinta shi ne kumburin idon sawu. Da safe ƙafa lafiya lau, da yamma takalmi ya ƙi shiga. Ya fi samun mata, da masu shan miligiram 10, da masu wuni a tsaye ko a zaune a kasuwa. Mutane sukan tsorata su ce ƙoda ta lalace. Yawanci ba haka ba ne. Ƙwayar tana buɗe ƙananan jijiyoyi ne, ruwa ya ɗan tsattsafo ya taru a ƙasa. Ɗora ƙafa bisa kujera in ka zauna, da yin 'yar tafiya maimakon tsayuwa wuri guda, suna ragewa. Kada ka sayi ƙwayar sa fitsari da kanka don ka sace kumburin, gama ba ta cika yi wa irin wannan aiki ba, sai dai ta ƙara maka jiri. Abin da likita yakan yi shi ne ya rage amlodipine ya haɗa ta da losartan, sau da yawa kuwa kumburin yakan sauka.

Amma fa a lura. In ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura tana zafi, ko kumburin ya zo da haki, ko ba ka iya kwanciya sai ka jingina, wannan ba na ƙwaya ba ne. A tafi asibiti ran nan.

Ita wannan ƙwaya takan sa ciwon kai da jin zafi a fuska a kwanakin farko, yawanci yakan wuce da kansa. Waɗansu kuma dasashinsu yakan yi kauri. A riƙa goge haƙori safe da dare, a nuna wa likita.

Tarin da ba ya jin magani

Mai shan lisinopril, ko enalapril, ko captopril, yana iya kamuwa da busasshen tari marar majina, maƙogwaro yana ta ƙaiƙayi, ya fi tsanani da dare. Wajen mutum ɗaya cikin goma yakan same shi. Wani lokaci sai an yi watanni ana shan ƙwayar kafin ya fara, shi ya sa ba a zarginta, a ce ƙurar hunturu ce. Mutum ya yi ta ɓarnar kuɗi a kan kwalaben maganin tari a banza. In aka sake masa ƙwaya, misali aka ba shi losartan, tarin yakan tafi cikin mako ɗaya zuwa huɗu, ko da yake na wani yakan fi haka daɗewa. Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama da gumin dare kuwa, a gwada majina saboda tibi.

Akwai abu guda a kan waɗannan ƙwayoyi da muke roƙo a karanta da ƙarfi a taron ƙungiya. In leɓe, ko harshe, ko fuska ta kumbura farat ɗaya, kada a ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya, a nufi asibiti a guje ko da tsakar dare ne, domin maƙogwaro yana iya toshewa. Ba ya faruwa da yawa, amma ya fi samun baƙar fata bisa ga Turawa. Wanda ya taɓa yi masa ya faɗa wa kowane likitan da zai duba shi nan gaba.

Mata kuma su sani, lisinopril da losartan da danginsu suna cutar da ɗan da ke ciki. Mace mai shan su in tana neman haihuwa ta faɗa tun da wuri, in kuwa ta ga ɓatan wata ta je nan da nan a sake mata. Akwai waɗanda ake ba masu ciki, kamar methyldopa, wadda aka fi sani da Aldomet, da nifedipine. Aldomet takan sa barci da bushewar baki, amma hawan jinin da aka ƙyale ga mai ciki shi ke kai ga jijjiga.

Ƙwayar sa fitsari

Hydrochlorothiazide, da Moduretic wadda take ɗauke da ita, suna fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. A sha su da safe, don kada a kwana ana fita. Sukan sa ɗaurewar tsokar ƙafa da kasala in gishirin jini ya ragu, ga waɗansu kuma su tayar da ciwon babban yatsan ƙafa. Mai shan su ya kamata a gwada jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara a ga lafiyar ƙoda. Ranar da gudawa da amai suka kama mai shan wannan ƙwaya, ko lisinopril, ko losartan, ya sha ruwan gishiri da sukari, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya ran nan ko a dakata da ƙwayar har ya warke, gama ƙoda tana iya wahala in jiki ya bushe. Mai niyyar azumi shi ma ya tambaya tun kafin ya fara, a gyara masa lokacin sha.

Abin da maza ba sa faɗa

Da yawa cikin mazan da suka bar magani ba jiri ne ya sa su ba. Rauni suka gani wajen iyali, kunya ta hana su faɗa. Gaskiya ne ƙwayar sa fitsari, da atenolol, da propranolol, da Aldomet suna iya kawo haka ga waɗansu. Gaskiya ne kuma hawan jinin da kansa, da ciwon suga, da taba, suna kashe jijiyoyin wurin, har barin magani ya ƙara lalata abin da ake son gyarawa. Amlodipine da losartan ba su cika kawo wannan ba. Likita ya sha jin irin wannan magana, ba za ka zama na fari ba. Ka faɗa masa ko da a kaikaice ne, zai gane. Kada ka bi masu tallar maganin ƙarfin maza a tasha, domin ba ka san abin da aka zuba a ciki ba, wani kuwa in ya haɗu da maganin zuciya yana iya kayar da jini ƙasa warwas.

Mai shan atenolol ko propranolol kada ya yanke su rana ɗaya, zuciya takan yi tsalle. A hankali likita yake janye su. Mai asma ya faɗa kafin a rubuta masa su.

Abin da ke yaƙi da magani a cikin gida

Wani lokaci ana ƙara wa mutum ƙwaya, wahalarta tana ƙaruwa, alhali tukunyar gidansa ce take ta da jinin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da burodi. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. In gishiri ya ragu, sau da yawa ƙwaya kaɗan takan isa.

Sai ƙwayoyin ciwon jiki da muke sha bayan wunin noma, irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda. Suna ta da jini, suna raunana aikin maganin, suna kuma cin ƙoda. Paracetamol ta fi sauƙi ga mai hawan jini. Zoɓo marar sukari yana ɗan saukar da jini, amma ba ya maye gurbin ƙwaya, mai shansa kullum kuwa ya faɗa wa likita.

In kun shigo gari sayen magani, ko a kantunan da ke tsakanin Gobarau da Ƙofar Soro ne ko a wani wuri, ku riƙe tsohon kwali a hannu. Magani ɗaya yana da sunayen kamfani da yawa. An sha samun mai shan kwali biyu yana tsammani iri biyu ne, ashe abu ɗaya yake ninkawa, jiri yana ta kayar da shi. Ku duba ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin babban, da yawan miligiram, da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki. Kada kuma a ari ƙwayar maƙwabci don an ga ta karɓe shi.

Aikin ƙungiya

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta fitar da kuɗi daga asusu ta sayi na'urar awon jini mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. A koya wa mutum biyu, namiji da mace. Ranar taro mai shan magani ya zauna ya huta minti biyar, kada ya ci goro ko ya sha taba rabin sa'a kafin awo, a auna sau biyu a rubuta. Kowa ya sami ɗan littafinsa: kwanan wata, awon jini, sunan ƙwaya, da abin da ya ji a jikinsa da lokacin da ya ji shi. Wanda bai iya rubutu ba magatakarda ya rubuta masa.

Da wannan littafi da kwalayen maganinsa duka zai koma asibitin da aka rubuta masa. In awon ya kai 180 bisa 120, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, kada a jira ranar kasuwa. A nemi mota a kai shi asibiti mafi kusa, waɗanda ke kusa da birni kuwa su nufi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, a tafi da littafin.