Zumunta a Ƙafa Take, Ko Ta Koma Waya?

A shekarar 1958 wani likitan tiyata ɗan Ailan mai suna Denis Burkitt, wanda ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya wallafa bayanin wani ciwo da ke kumbura muƙamuƙin yara har haƙoransu su riƙa girgiɗa. Ya so ya san iyakar inda ciwon ya kai a Afirka, sai ya buga takarda mai hotuna da tambayoyi, ya aika wa asibitoci ta gidan waya. Amsoshi sun dawo, amma ba su ƙosar da shi ba. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka ɗauki wata tsohuwar mota, suka yi tafiyar mil kusan 10,000 a gabashi da kudancin nahiyar, suna yada zango asibiti bayan asibiti, suna buɗe kundin marasa lafiya da hannunsu. A nan ne ta fito fili cewa ciwon yana bin ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Shi ne sankarar da ake kira da sunan Burkitt har yau.

Ke nan tun farkon lamarin hanyoyi biyu ne: saƙo da ƙafa. Saƙon ne ya rikiɗe ya zama intanet, ƙafar kuwa tana nan yadda take, sai dai yanzu jirgi take hawa. Masu kula da yaran da ke fama da ciwon daji suna yawan gardama kan wadda ta fi amfani, musamman idan kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki biyun ba.

Dalilin gardamar ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da sankara kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a kai 30 ba. A 2018 hukumar ta ɗaura niyyar kai adadin zuwa 60 cikin 100 a duniya baki ɗaya kafin 2030. Yawancin magungunan da ake buƙata tsofaffi ne, an san su tun shekarun 1960 da 1970. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da ya san wanne za a ba wa wane yaro, nawa, yaushe, da kuma abin da za a yi idan jikin yaron ya kasa ɗauka.

Hanyar ƙafa ita ce babba a shekaru, kuma tana da abin nunawa. A 1986 likitocin yara na garin Monza a Italiya, ƙarƙashin Giuseppe Masera, suka ƙulla abota da asibitin La Mascota na Managua a Nikaraguwa. Likitoci da nas-nas suka riƙa zuwa Italiya koyo, Italiyawa suka riƙa zuwa Managua, aka wayi gari ƙasar da ba ta da sashen sankarar yara ta samu nata. Asibitin St. Jude na Memphis a Amurka ya bi wannan sahu daga 1993, ya fara da El Salbado, ya haɗa da garin Recife a arewa maso gabashin Brazil. Alƙaluman Recife sun shahara: yaran da ke tsira daga sankarar jini mafi yawa a yara sun tashi daga 32 cikin 100 a shekarun 1980 zuwa 63 tsakanin 1997 da 2002.

Me mutum ke samu idan ya je da kansa? Hannu, da ido. Akwai maganin da ake kira binkiristin, wanda idan ya zuba a wajen jijiya sai ya ƙona nama, idan kuwa aka yi kuskuren tura shi cikin ruwan ƙashin baya, kusan babu mai tsira. Nas ɗin da ta tsaya wata uku kusa da wadda ta ƙware, tana ganin yadda take lalubo jijiyar yaron da duk hannayensa sun sha huda, da yadda take raba sirinjin nan da sauran tun kafin a shiga ɗaki, ta koyi abin da karatu ba ya bayarwa. Haka likitan da ya ga yadda ake ɗibar ɓargo a ƙugun yaro, ko yadda babban likita ke zaunar da uwa da uba ya faɗa musu maganar da ba wanda ke son ji. Sannan akwai abin da ya fi waɗannan duka: an ci abinci tare, an san fuskar juna. Wanda ka kwana ɗakin jinya ɗaya da shi ba ka jin nauyin tashinsa da tsakar dare ka ce masa ka yi kuskure.

Sai dai ƙafa tana da tsada, kuma tana ɗaukar mutum ɗaya ne a lokaci guda. A asibitin da likitan sankarar yara ɗaya ne tak, tafiyarsa ta shekara ɗaya na nufin shekara ɗaya babu kowa. Ga wahalar biza. Ga kuma abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa a gaban masu ba da tallafi ba: wani idan ya tafi ya ga albashi da wutar da ba a ɗaukewa, ba ya dawowa. Wanda ya dawo ma, ilminsa yana tsayawa ne a ranar da ya hau jirgi.

A nan ne waya ta shigo. A 2002 St. Jude ya buɗe dandalin Cure4Kids, kyauta ga ma'aikatan lafiya a ko'ina: laccoci da aka naɗa, littattafai, da ɗakunan taro inda ƙungiyoyin likitoci ke haɗuwa su tattauna marasa lafiyarsu. Laccocin suna da amfani, amma a ganina ɗakunan taron ne zuciyar abin. Misali mafi kyau da na sani shi ne na Cibiyar Sankara ta Sarki Hussein a Amman ta Jodan da asibitin yara na Toronto a Kanada. Daga 2004 suka riƙa zama ta bidiyo wata-wata kan yara masu ƙari a ƙwaƙwalwa, Ibrahim Qaddoumi daga Amman, Eric Bouffet daga Toronto. Da suka waiwayi shekarun farko, sai suka tarar an ba da shawarar sauya tsarin magani sosai ga fiye da ɗaya cikin kowane yara uku da aka tattauna. Ba a ɗaga yaro ko ɗaya zuwa Kanada domin jin wannan shawara ba. Hotunan ƙwaƙwalwarsa ne suka yi tafiyar, shi yana kwance kusa da uwarsa.

Saurin nan ba ado ba ne. Sankarar Burkitt tana iya ninka girmanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Amsar da ta zo ranar Laraba tana iya ceton yaron da amsar wata mai zuwa za ta tarar an yi masa sadakar uku.

Na taɓa zama a bayan ɗaki ana irin wannan taro a wani asibitin koyarwa. Wata matashiyar likita ce ke gabatarwa, da laftof ɗinta da datar da ta saya da kuɗinta. Yaro ne ɗan shekara shida, ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu kamar sillen kara. Hoton tsokar da aka yanko ta ɗauke shi ne ta hanyar kara kyamarar wayarta a bakin madubin ɗakin gwaji, har ana ganin baƙin da'ira a gefe. Wani ƙwararre daga Turai ya duba, ya ce abin ya yi kama da Burkitt, amma a yi wani gwajin rini na musamman a tabbatar kafin a taɓa yaron. Ɗakin ya yi tsit. Gwajin babu shi a garin, inda ake yinsa sai an jira mako uku, kuɗinsa kuma ya fi abin da uban yaron ya samu a damina. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, laftof ya ci gaba da numfashi a kan batir. Sai wata likita daga wata ƙasar Afirka ta buɗe makirufo ta ce su ma ba su da gwajin, ga yadda suke yi: a fara ba shi ruwa sosai da maganin da ke kare ƙoda, a soma da ƙaramin awo, a riƙa auna fitsarinsa, domin idan ƙarin ya narke gaba ɗaya dattinsa kan toshe ƙoda ya kashe yaron da maganin ke ƙoƙarin ceta. Shawararta aka bi.

Wannan zama ya nuna mini ƙarfin waya da rauninta a lokaci guda. Ƙwararren nan bai faɗi ƙarya ba. Ya faɗi abin da ake yi a ɗakin jinyarsa ne, domin bai taɓa taka na nan ba. Haɗarin ya wuce maganar gwaji. Tsarin maganin Burkitt da Faransawa suka tsara yana warkar da kusan 90 cikin 100, amma yana rushe garkuwar jiki ƙasa warwas, sai an tallafe shi da jini a shirye, da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda da tashin zazzaɓi, da nas da ba ta da yara talatin a wuyanta. Wanda ya sauke wannan tsari daga intanet ya ɗora wa yaro mai tamowa a ɗakin da babu waɗannan, maganin ne zai riga ciwon kashe shi. Shi ya sa likitocin Blantyre a Malawi da na asibitocin mishan na Kamaru suka yi shekaru suna gwada tsari mai sauƙi wanda ya dogara kan saikulofosfamaid, suka riƙa ceton kusan rabin yaran ko fiye. Kuma wannan magani ba baƙo ba ne a wajenmu: Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, ya yi aiki da shi a kan wannan ciwo a Ibadan tun shekarun 1960, har ya shiga cikin waɗanda suka samu lambar Lasker a 1972 tare da Burkitt.

To wa ya fi? Ni dai na karkata ga cewa ƙafa ce ke haƙa rijiya, waya kuma ita ce gugar yau da kullum. Tarukan intanet da suka daɗe suna gudana, in ka bi salsalarsu, za ka tarar mutanen sun taɓa haɗuwa ido da ido. Waɗanda aka ƙulla tsakanin baƙi zalla sukan fara da mutum arba'in, bayan wata uku a koma shida, rabinsu kyamara a kashe. Ƙaramin likita ba ya son ya tona jahilcinsa a gaban farfesan da bai sani ba, sai ya riƙa kawo marasa lafiyar da ya riga ya san amsarsu. Tsarin ECHO, wanda Sanjeev Arora ya ƙirƙiro a Jami'ar New Mexico a 2003 don ciwon hanta kafin a ɗauke shi zuwa sankara, ya gane wannan: mutane iri ɗaya ne ke haɗuwa a rana iri ɗaya, kowa ya kawo matsalarsa, har kunya ta kau.

Amma idan aka tilasta ni in zaɓi inda sabon kuɗi zai tafi, zan rage tikitin Turai in ƙara wa waya, da sharaɗi ɗaya: tafiyar da ta rage ta zama ta kusa. Ƙungiyar GFAOP ta likitocin Faransa da Afirka, wadda Jean Lemerle ya kafa a 2000, ta nuna hanya. Sassanta na Dakar da Bamako da Abijan da Yamai da sauransu suna bin tsarin magani guda, suna tara alƙalumansu wuri guda, likitocinsu kuma suna zuwa Rabat a Maroko neman difloma. Likitan Yamai da ya koya a Rabat ya ga ɗakin jinya mai kama da nasa, kuma abokan karatunsa su ne zai tarar a allo mako mai zuwa. Abin takaici, likitan Kano da na Maraɗi, da ke duba yara masu harshe ɗaya da cuta ɗaya, kowannensu ya fi saurin samun Landan ko Paris a waya fiye da ɗan'uwansa, saboda ɗaya da Turanci ya yi karatu, ɗayan da Faransanci.

Akwai kuma inda hanyoyin biyu duk suke tsayawa cak. Uba ya zo ya durƙusa ya ce, "Likita, a ba mu sallama, za mu je gida mu gwada na gargajiya." Wani ya ji an ce daji ba ya son allura, wani kuwa kuɗin mota da na abinci ne suka ƙare, ga gona tana jira. A Recife, yaran da iyayensu ke janyewa daga magani sun ragu daga 16 cikin 100 zuwa ƙasa da 1, kuma abin da ya jawo haka masauki ne da abinci da kuɗin mota da wata ƙungiyar garin ta riƙa bayarwa, da ma'aikacin da ke bin sawun duk wanda bai zo ranar allurarsa ba. Don rage irin wannan nauyi, Ghana ta shigar da sankarar yara guda huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa. St. Jude da Hukumar Lafiya ta Duniya sun sanar a 2021 da shirin dala miliyan 200 na kai ingantattun magunguna, kayan farko suka fara isa Mongoliya da Uzbekistan a 2025.

Inda nake ganin waya ba ta da abokin takara shi ne can ƙasa, wajen ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye wanda ba wanda zai taɓa saya wa tikiti. Sankarar ido ta ƙananan yara tana fara bayyana ne da wani fari a tsakiyar ƙwayar ido, kamar idon kyanwa da dare, wani lokaci ma a hoton waya mai walƙiya ake fara ganinsa. A ƙasashe masu arziki kusan duk yaran suna rayuwa, a matalauta kuwa waɗanda ke kai shekara uku bayan gano ciwon ba su kai 60 cikin 100 ba, domin sai ido ya fito waje ake kawo su. Ma'aikacin da ya taɓa ganin hoton farin nan a darasin minti goma a wayarsa, ranar da wata uwa ta kawo masa goyonta ba zai rubuta mata maganin ɗigawa ya ce ta dawo bayan sati biyu ba. Zai ɗauki hoto ya tura wa likitan ido, ya rubuta mata takardar zuwa birni a ranar.