Fasali a kan kifin kiwo da yadda ake kashe shi

Da sunan Allah na fara, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, kifi ba ya bukatar yanka, mushensa halal ne a mazhabar Imamu Malik, ko da an tsince shi yana yawo bisa ruwa, saɓanin Hanafawa da suka hana wannan. To sai wasu masu kiwon kifi suka ɗauka, tun da babu yanka, babu laifi ko ta yaya ya mutu. Wannan kuskure ne. Halaccin ci daban, haramcin azabtarwa daban. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya yi umarni da kyautatawa a cikin kisa, bai keɓe dabbar tudu ba.

In ka ce: shin kifi yana jin zafi? Sai mu ce: a shekarar 2003 ta Miladiyya, Lynne Sneddon da abokan aikinta a ƙasar Sikotilan sun sami jijiyoyin jin ciwo a fuskar wani kifi da Turawa ke kiwo, ya kuwa ƙaurace wa abinci bayan an cutar da leɓensa.

Mas'ala ta fi tsanani ga tarwaɗa, ita ce aka fi kiwo a Nijeriya. Allah Ya yi mata wata gaɓa a bayan kanta da take shan iska da ita, don haka takan yi sa'o'i a tudu ba ta mutu ba. Wanda ya jibge ta a kwano ya tafi, ya tsawaita mata wuya. Mafi muni shi ne zuba mata gishiri da ranta, tana birgima har ta sassauta. Na'am, gishiri yana fid da yauƙi, amma bayan mutuwa ma yana fitarwa.

Abin da ya dace, a bar ta cikin ruwa har lokacin kisa, sannan a buge ta bugu ɗaya mai ƙarfi daidai ƙwaƙwalwa, gama ƙashin kanta tauri gare shi, raunanan bugu ƙarin azaba ne. Da ta suma sai a yanke makogwaro nan take, jini ya fita kafin ta farfaɗo. Wasu masu manyan gonaki suna sumar da ita da wutar lantarki. Alamar suma ita ce marfin kunnenta ya daina buɗewa da rufewa. In yana motsi a jere, a sake bugu. Wallahu a'alamu.