Frankel: sukuwa 14, da kuɗin da ya biyo baya

Mai kiwon doki a Toranke ko cikin garin Gaya yana auna dokinsa ne da idon jama'a ranar hawan sallah. A Ingila kuwa da alƙalami ake auna shi, kuma alƙaluman dokin tsere Frankel sun cancanci a zauna a kansu.

An haife shi a 2008 a bargar Juddmonte ta Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya. Ubansa Galileo, uwarsa Kind. Sir Henry Cecil ne ya hore shi, Tom Queally ne mahayinsa tun daga farko har ƙarshe. Ya fita sukuwa sau 14: huɗu a 2010, biyar a 2011, biyar a 2012. Ba a taɓa shan gabansa ba, kuma 10 daga ciki gasannin ajin farko ne.

Ba yawan nasarar ne abin mamaki ba, ratar ce. A can da tsawon jikin doki ake ƙirga ta. Ranar fitarsa ta farko a Newmarket, da rabin tsawon doki kawai ya tsere wa Nathaniel. A gasar 2000 Guineas ta 2011 ya ba da ratar tsawon doki 6, ga shi tun daga tashi ya shige gaba, abin da mahaya ke gudu don kada doki ya sare kafin ƙarshe. A Queen Anne Stakes ta 2012 a Ascot ratar ta kai 11, kuma wanda ya biyo shi, Excelebration, shi ma zakara ne. Bayan wannan rana kamfanin Timeform ya ba shi maki 147, mafi yawa da ya taɓa ba dokin da ke tsere a fili marar shinge.

Yawancin gasanninsa mil ɗaya ne ko ƙasa da haka. Idan aka haɗa su duka, kimanin kilomita 23 ne, bai kai rabin hanyar Gaya zuwa Kano ba, kuma gudun bai cika rabin awa ba. A kansa ya ci fam 2,998,302, wato wajen fam 214,000 a kowace fita.

A ganina, a nan ne mai karatu zai iya ruɗewa, ya ɗauka wannan ita ce dukiyar. A 2013 aka mayar da shi ingarman barbara a Banstead Manor, kuɗin goɗiya ɗaya fam 125,000. Goɗiya 24 sun isa su biya duk abin da ya ci a fili, alhali a shekarar farko ya hau 133. Lissafin takarda ke nan, domin wasu goɗiyoyin na ubangidansa ne. Da 'ya'yansa suka ci manyan gasanni, Adayar a Derby ta 2021, Alpinista a babbar gasar Arc ta Faransa a 2022, sai farashin ya hau zuwa fam 350,000 a 2024. A wannan farashi goɗiya 9 sun wadatar.

Abin da ke riƙe farashin ƙa'ida ce: ba a yi wa ɗan dokin jinsin Frankel rajista sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, ba a yarda da allurar maniyyi ba. Don haka layin masu jira kullum ya fi abin da doki ɗaya zai iya. Cecil, wanda ya hore shi yana fama da ciwon daji, ya rasu a Yunin 2013, kafin a haifi ɗan Frankel na farko.