Matsayin Bugaggen Zane a Kasuwar Gwanjo

Kalmar "kwafi" takan ruɗar da manazarci idan ana batun bugaggun zane-zanen da suka fito bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan fage kowane bugu asali ne, muddin mai zanen ne ya fitar da shi, kuma ya ƙayyade adadinsa. Alal misali, a 1967 Andy Warhol na Amurka ya fitar da hotuna 10 na Marilyn Monroe, aka buga 250 na kowanne. Sa hannunsa da lamba irin 40/250, waɗanda ke bayan takardar, su gidajen gwanjo kamar Christie's suke fara dubawa. Amma takardar da launinta ya koɗe, ko aka datse gefenta, farashinta yakan faɗi ƙwarai, ko da lambarta sahihiya ce.