Likitocin Karabak Sun Koma Aji

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu yada zango ne a ƙasar Armeniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa mai tsaunuka wadda ta yi iyaka da Turkiyya da Iran da Jojiya da Azabaijan. Za mu duba halin likitocin da suka baro asibitocinsu a yankin Nagorno-Karabak a shekarar 2023, da yadda kwasa-kwasan ƙaro ilimi suka zame musu hanyar komawa bakin aiki. Sai ku gyara zama.

(Kiɗa)

Nagorno-Karabak yanki ne da duniya ta amince yana cikin iyakokin Azabaijan, amma har zuwa 2023 mafi yawan mazaunansa Armeniyawa ne, su kuma Artsak suke kiransa. An gwabza yaƙi a kansa tun daga ƙarshen zamanin Tarayyar Sobiyet har zuwa 1994, yaƙin da ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, Azabaijawa da Armeniyawa. A shekarar 2020 aka sake wani na kwana 44, inda Azabaijan ta karɓe yankuna masu yawa. Abin da ya rage a hannun Armeniyawa, hanya ɗaya tal ta haɗa shi da Armeniya, wato mashigar Lachin.

Ranar 12 ga Disamban 2022 aka toshe wannan hanya, kuma haka ta zauna har wata tara. Kotun Duniya ta ba da umarni a watan Fabrairun 2023 cewa a bar mutane da kaya su riƙa wucewa, amma hanyar ba ta buɗu ba.

To, yaya aikin likita yake a garin da aka toshe wa hanya? A babban asibitin Stepanakert, babban birnin yankin da Azabaijan ke kira Khankendi, an dakatar da duk wata tiyatar da ba ta gaggawa ba. Magungunan hawan jini da na ciwon suga da na daji sun yi ƙaranci. Madarar jarirai ta yi wuya. Ana ɗauke wuta bisa jadawali, an yanke iskar gas a tsakiyar hunturu, man fetur ɗin motar ɗaukar marasa lafiya ma sai an yi ta lissafi. Majinyacin da ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin, sai ya jira ayarin motocin ƙungiyar agaji ta Red Cross su tsallaka da shi Armeniya, su ma wani lokaci a tsayar da su kwana da kwanaki. Kullum likita yana cikin zaɓi mai ɗaci: wa za a ba wannan allurar, wa zai iya jira zuwa gobe.

Ranar 19 ga Satumban 2023 Azabaijan ta ƙaddamar da farmaki, washegari mahukuntan yankin suka ajiye makamai. Gwamnatin Azabaijan ta ce matakin yaƙi da ta'addanci ne, kuma duk mai son zama yana iya zama. Armeniya da Majalisar Dokokin Tarayyar Turai suka kira abin da ya biyo baya korar ƙabila. Cikin kusan mako guda, mutum fiye da 100,000 suka fice, daga cikin kimanin 120,000 da ake ƙiyasta suna zaune a yankin. Tafiyar Stepanakert zuwa garin Goris na Armeniya ba ta kai kilomita 100 ba, a da awa biyu ta isa, amma a wancan mako wasu sun shafe kusan kwana biyu a kan hanya.

Ana cikin haka, ranar 25 ga wata, wani rumbun mai da ke kusa da Stepanakert ya yi bindiga a daidai lokacin da jama'a suka yi cincirindo suna neman man da zai fitar da su. Sama da mutum 200 suka mutu, ɗaruruwa suka ƙone. Mai ƙuna mai tsanani, abin da ke riƙe ransa a ranar farko shi ne ƙarin ruwa. Likita zai auna nauyinsa da faɗin jikin da ya ƙone, ya lissafa ruwan da zai sa masa cikin awa 24, rabin ruwan kuma dole ya shiga cikin awa takwas na farko. Ku dubi wannan lissafi, sannan ku tuna asibitin da aka kai su ya yi wata tara ba a cike rumbun maganinsa ba. Likitoci da ma'aikatan jinya sun tsaya a kan waɗannan majinyata alhali iyalansu na ɗaure kaya, har aka kwashe masu tsananin ƙuna da jirage masu saukar ungulu da motocin asibiti zuwa Yerevan, babban birnin Armeniya. Daga nan su ma suka bi layin motocin da ke fita.

(Kiɗa)

Masu sauraro, al'ummar Armeniya kimanin mutum miliyan uku ce. Ke nan cikin 'yan kwanaki, kusan mutum ɗaya cikin kowane talatin a ƙasar ya zama ɗan gudun hijira. Gwamnati ta ba kowane mutum kuɗin ƙasar diram 100,000 na tashin farko, sannan ta riƙa biyan tallafin haya da na wuta da ruwa duk wata. Wannan ya rufa asiri, amma bai mayar wa kowa sana'arsa ba.

Sana'ar likita kuwa tana da wani hali. Kamar lauje take, in aka jingine ta damina ɗaya sai tsatsa ta kama bakinta. Likitan tiyata da ya yi shekara bai shiga ɗakin tiyata ba, hannunsa zai yi nauyi, zuciyarsa ta fara ɗar-ɗar. Ilimin ma ba ya jiran kowa: magunguna na sauyawa, ƙa'idojin jinya na sauyawa. Shi ya sa ƙasashe da yawa suka wajabta wa likita ƙaro ilimi muddin yana aiki. Ko a Najeriya, sai likita ya tara makin bita kafin ya sabunta lasisinsa. A Armeniya, zangon shekara biyar ake yi. Doka ta ɗora wa likita tara maki 220 a kowane zango, ma'aikatan jinya da ungozomomi kuma 140, ta hanyar kwasa-kwasai da taruka da koyon aiki a asibiti da rubuce-rubucen bincike. Wannan tsari ne likitan da ya baro Karabak ya tarar a gabansa.

Da yawa daga cikinsu a Yerevan suka yi karatu tun asali, a jami'ar koyon likitanci mai ɗauke da sunan Mkhitar Heratsi, masanin magani na ƙarni na 12 wanda ya rubuta littafi kan zazzaɓi. Saboda haka harshen karatu da tushen ilimi ba baƙi ba ne a wurinsu. Abin da ya zame musu baƙo shi ne tsarin aikin yau da kullum.

Bari mu ɗauki misali. A ce likitar yara ce mai shekara hamsin da wani abu, wadda ta yi rabin rayuwarta a ƙaramin asibitin gunduma. Ta san yaran garinta da sunayen iyayensu da kakanninsu. Yau ga ta a wani ɗakin shan magani a lardin da ba ta taɓa zama ba. Kafin ta taɓa yaro, sai ta buɗe kwamfuta ta shiga ArMed, rumbun bayanan lafiya na ƙasa, ta nemo shi, ta rubuta abin da ta gani. Sai ta san wace jinya gwamnati ke biya, wacce iyaye za su biya. Sai ta san asibitin da za ta tura yaron da numfashinsa ya sarƙe, da wanda za ta kira a waya da tsakar dare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinta. Amma in ba a zaunar da ita an nuna mata ba, za ta yi ta tuntuɓe a gaban matasa sa'o'in 'ya'yanta, har ta fara ganin kamar ba ta iya aikin ba.

(Kiɗa)

Su wa ke wannan koyarwa? A ɓangaren gwamnati akwai Cibiyar Lafiya ta Ƙasa mai sunan Avdalbekyan, da jami'ar da muka ambata, da manyan asibitocin Yerevan. Sannan akwai Armeniyawa mazauna ƙetare, waɗanda yawansu ya zarce na mutanen cikin gida, kuma cikinsu akwai likitoci birjik a Amurka da Faransa da Rasha. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu shi ne asusun agaji da aka fi sani da FAR, mai hedikwata a birnin New York, wanda aka kafa bayan girgizar ƙasar Spitak ta Disamban 1988 da ta hallaka kimanin mutum 25,000. Asusun ya daɗe yana ɗauko likitocin larduna ya kawo su Yerevan su yi kamar wata guda a manyan asibitoci, kowa a hannun ƙwararre na fanninsa. Likitocin Karabak na cikin masu cin gajiyar shirin tun suna gida, kuma an ci gaba da karɓar su bayan hijira.

Amfanin irin wannan horo shi ne a gefen gadon majinyaci ake yinsa. Da safe a bi zagayen duba marasa lafiya tare da babban likita. Da rana a shiga ɗakin tiyata, ko a riƙe na'urar hoton ciki da hannu. Da yamma a zauna a tattauna majinyaci ɗaya tun daga farkon ciwonsa, sannan a koyi yadda ake nemo sabon bincike a intanet a tantance mai inganci. Likita zai fita da maki, zai fita da sabon ilimi, sannan zai fita da lambobin wayar abokan aiki. Wanda ya rasa garinsa ya rasa duk mutanen da ya saba tuntuɓa in aiki ya cije, kuma a irin wannan wata gudan ne yake samun wasu. Sau da yawa ma ta bakin waɗannan abokai ake jin inda ake neman ma'aikaci.

Kada a ɗauka wannan taimako ne mai tafiya ta gefe guda. Armeniya ta daɗe da matsalar da likitocinta suka taru a Yerevan, asibitocin larduna irin su Syunik da Tavush da Gegharkunik kuma suna neman likitan yara da mai ba da maganin barci a tiyata ruwa a jallo. Ga ƙwararru sun zo, waɗanda suka saba da aikin ƙaramin gari, da dusar ƙanƙara, da hanya mai wuyar bi. Horar da sabon likita daga tushe har ya ƙware yana cin kusan shekara goma. Sabunta ilimin wanda ya riga ya ƙware kuwa makonni ne ko watanni.

Su kansu 'yan gudun hijirar suna buƙatar likitocinsu. Dubban tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya sun yi watanni ba magani a kan kari. Wasu sun baro katin asibitinsu, wasu iyayen ba su fito da katin rigakafin yaransu ba, ga shi a shekarar 2023 an yi fama da ƙyanda a Armeniya. Mutanen Karabak suna da karin harshensu, wanda yakan yi wa mutumin Yerevan wuyar ji. Tsohuwar da ta zauna gaban likita ta ji ya amsa mata da karin garinsu, za ta faɗi abin da ba za ta faɗa wa wani ba: rashin barci, da firgita, da kukan da take yi a ɓoye. Saboda haka kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da damuwar bayan tashin hankali na cikin manyan darussan da ake buƙata. Likitan ma mutum ne. Shi ma ya bar gida da kaburburan iyayensa, wani ya rasa ɗa ko ɗan'uwa. Kwas ɗin da ya koya masa gane wannan ciwo a jikin majinyaci, ya kamata ya ba shi wurin faɗin nasa.

Haka kuma suna da abin koyarwa. Likitan da ya yi aiki a yaƙin 2020, ya jure wata tara na toshiya, ya karɓi masu ƙuna a daren fashewar rumbun mai, ya san yadda ake tantance wanda za a fara dubawa in majinyata suka yi yawa, da yadda ake tafiyar da asibiti in magani da wuta suka yanke. Ƙasar da ke zaune a kan layin girgizar ƙasa tana buƙatar wannan sani. Ya dace a rubuta shi, a sa masu shi a gaban aji su koyar.

(Kiɗa)

Sai dai kwas kaɗai ba ya ɗaukar dukan nauyin. Kuɗin haya a Yerevan ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, lokacin da dubban Rashawa suka kwararo ƙasar. A larduna haya da sauƙi, amma albashi kaɗan ne, kuma ba lalle mijin likita ko matarsa su sami aiki a can ba. Wanda ya shugabanci sashe guda a asibitinsa na da, yana iya tarar da gurbin ƙaramin likita kawai. Wasu suna ɗauke da tsofaffin iyaye, barin gida na wata guda ma wahala ne in ba a biya musu masauki da guzuri ba. Idan aka rasa mafita, likita zai bar sana'ar ya kama wata, ko ya ɗauki iyalinsa ya nufi Rasha. Kowanne ya faru, Armeniya ta yi asara, majinyata sun yi asara.

Saboda haka horon da zai yi tasiri shi ne wanda ke da aiki a ƙarshensa, da gidan da iyali za su zauna, da abokin aikin da za a ci gaba da tuntuɓa. Duk ƙasar da ta karɓi 'yan gudun hijira, yana da kyau tun a wurin rajista, bayan an tambayi mutum abin da yake buƙata, a tambaye shi abin da ya iya. A cikin masu layin karɓar bargo da abinci akwai ungozoma, akwai mai haɗa magani, akwai likitan tiyata, kuma duk watan da suka yi a zaune akwai marasa lafiyar da suka rasa mai duba su.

Masu sauraro, a nan za mu dakata a shirinmu na yau. A madadin duk waɗanda suka taimaka shirin ya zo muku, muna cewa Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya mayar da kowane ɗan gudun hijira cikin rufin asiri. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)